Sairusi da Taron da Ba Ya Barin Shara

Ga wani labari nan. Wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ya gangara bakin teku ya tambayi Torika, tana nan da ranta, bakinta ma bai ragu ba.

Sairusi mutumin Naivi ne, ƙauyen da ke bayan otal ɗin Mista Balram. Shekara da shekaru yana bakin ƙofar otal yana ɗaukar akwatunan baƙi, kuma ba a taɓa yin baƙon da ya isa ɗakinsa bai ji yadda saura ƙiris a ɗauki Sairusi a ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta ƙasa ba. In ɗakin baƙon na da nisa, har ya ji yadda Sairusi ya taɓa juya kan guguwa da addu'a.

Ana nan sai manajan taro na otal ɗin ya samu aiki a Auckland, ya tattara ya tafi ana gab da babban taron shekara. Masu zuwa kuwa ƙungiya ce ta masu shirya tarurruka a otal-otal, daga Australia da New Zealand, kuma shugabarsu Madam Rosalind ta gindaya sharaɗi ɗaya: taro suke so wanda ba zai bar shara ba. In abin ya yi musu, nan za su riƙa zuwa kowace shekara.

Mista Balram ya dubi ma'aikatansa ya ga kowa ya sunkuyar da kai, ban da mutum ɗaya da ya turo ƙirji.

Ya ce, "Sairusi, riƙon ƙwarya zan ba ka. In matar nan ta tafi tana murmushi, kujerar manaja taka ce. In ta tafi tana yatsina, ka san inda akwatuna suke."

Sairusi ya ce, "Yallaɓai, shara ai ni ta sani. In aka gama taron nan aka samu ko tsinke ɗaya a ƙasa, ka sake mini suna."

Torika na goge tebur a gefe. Ita ce mai kula da ɗakin cin abinci, ɗiyar gwaggon Sairusi ce, tavale ɗinsa ke nan, wato taubashiya, don haka babu maganar da ta fi ƙarfin bakinta a kansa. Ta ce, "Yallaɓai, ka fara tunanin sunan tun yanzu."

"Ke dai goge teburinki, tavale. Daga yau Manaja za ki riƙa ce mini."

"Manajan da ɗakinsa kaza ke shiga ta fito tana atishawa?"

Bai kula ta ba. A ranar ya sayi sabuwar riga mai furanni da takalmi mai ƙara, ya shiga zagaye otal yana soke abubuwa. Ya soke gorunan roba, ya ce kwakwa za a sha. Ya soke faranti, ya ce ganyen ayaba na nan. Ya sa aka kashe na'urar sanyaya ɗaki, ya ce iskar teku ba ta cin wuta. Kujerun roba ma ya ce a kai su sito, tabarma za a shimfiɗa kamar yadda iyaye suka yi.

Sai dai shi Sairusi tabarma ɗaya gare shi a duniya, ita ma ɓera ya ci mata kunne. Haka ya lallaɓa wajen gwaggonsa, Nei Salanieta, uwar Torika, ya roƙi aron tabarmin gidan mijinta, wanda ba mutumin Naivi ba ne, tabarmi masu gezar ulu mai launi, waɗanda ba a fito da su sai biki ko makoki. Ta ba shi don ba a hana ɗan ɗan'uwa, amma ta nuna shi da yatsa ta ce, "Yadda ka ɗauka haka za ka dawo mini da su. Ko zare ɗaya ya tsinke, ni da kai ne."

Saura mawaƙan rufe taro. Na otal da mota suke zuwa, mota kuwa hayaƙi take yi. Sai Sairusi ya tuna mutanen tsibirin Yanulevu har yau suna da kwale-kwalen da iska ke turawa, ba ya shan mai ko ɗigo. Nan take ya aika musu.

Da Torika ta ji sai ta ajiye tire. "Tavale, Yanulevu ka ce?"

"Manaja."

"Ka manta su waye mutanen Yanulevu a wajenku?"

Bai manta ba. Mutanen Naivi da na Yanulevu tauvu ne, abokan wasa tun kaka da kakanni. Suna zagin juna a yi dariya, kuma in ɗaya ya ga abin ɗaya ya yi masa, sai ya ɗauka ya yi gaba. Wanda ya hana ko ya ɓata rai ya ja wa ƙauyensu abin gorin da jikoki za su gada. Ƙa'ida ɗaya ce: kayan abokin wasa kaɗai ake ɗauka, ba a taɓa na wani.

Sairusi ya ce, "Wannan a ƙauye ne. Nan otal ne, taron ƙasa da ƙasa. Kuma ni ba a wasa da ni."

"To. Allah ya kai mu."

Ranar farko baƙi suka cika zaure, kowa da kwakwarsa a gabansa, sai aka lura babu wanda ya fasa su. Baƙi suka yi ta juya su suna neman murfi. Wani dattijo daga Wellington ya gwada da makullin ɗakinsa, makullin ya lanƙwashe. Sairusi ya karɓi adda ya hau gaba.

"Ku kwantar da hankalinku. Ni tun ina goye nake wannan aiki."

Ya ɗaga kwakwar Madam Rosalind ya kai mata sara. Addar ta zame. Ya sake, ta sake zamewa. A na gaba ya zuba duk ƙarfin zari-rugarsa, kwakwar ta tsage gida biyu, ruwan ya wanke wa Madam fuska da tabarau.

Ya ce, "Haka muke yi wa manyan baƙi maraba a nan."

Torika daga bakin ƙofa ta ce, "A wane ƙauyen?"

Madam ta goge tabarau ta yi murmushin dole, aka ci gaba. Kafin rana ta take, zauren ya koma tukunya. Baƙin da ba su saba zaman ƙasa ba suka fara miƙe ƙafa ɗaya, su naɗe, su miƙe ɗayar, gwiwoyi na ƙara kamar ana karya itace. Mai jawabi na magana a kan rage zafin duniya, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Sairusi ya sa aka wangale duk ƙofofi. Iskar teku ta ƙi zuwa, sauro ya zo a madadinta, da iyalansa.

Wani baƙo ya nemi maganin feshi. Sairusi ya girgiza kai. "Guba ce wannan, maigida. Mu da ɓawon kwakwa muke korar sauro."

Ya tara ɓawo a kusurwoyin zauren ya cinna wuta. Ɓawon ɗanye ne, saboda haka wuta ta ƙi, hayaƙi ya karɓi aikin. Sauro ya fita, gaskiya ne. Baƙi ma suka bi bayansa suna tari, mai jawabi a gaba.

Mista Balram ya tare shi a baranda. "Sairusi, me nake gani?"

"Hutun shan iska ne, yallaɓai. Yana cikin tsari."

Da aka zo cin abinci, mai dafuwa ya yi kifi cikin madarar kwakwa, abu mai romo. Aka zuba a ganyen ayaba. Romon ya bi jijiyar ganye ya gangara gwiwar hannu, daga nan ya sauka cinya. Baƙi suka koma cin abinci a tsaye, a sunkuye, kamar masu neman abin da ya faɗi.

Torika ta wuce ta gefensa ta ce, "Tavale, in kawo musu sabulu ko shi ma ka soke?"

Abin mamaki, baƙin nan ba su gudu ba. Irin mutanen nan ne da in sun sha wuya saboda muhalli sai su ga kamar lada suke samu. Washegari aka fasa kwakwa tun a kicin, aka naɗe ganye ya zama kamar ƙoƙo, abubuwa suka ɗan daidaita, kan Sairusi kuwa ya ƙara girma har hularsa ta nemi ta gaza.

Sai da safiyar ranar rufe taro ya leƙa bayan zaure ya ga abin da bai lissafa ba. Gorar roba in an shanye ana matse ta ta ƙanƙance. Kwakwa ba ta matsuwa. Duk wadda baƙi suka sha tun farkon taro tana nan, haɗe da ganyen ayaba mai maiƙo, sun yi tudu har sun tokare ƙofar baya, ƙuda na ta walima. Madam kuwa ta ce da yamma za ta zagaya da kanta ta ga sharar da aka tara.

Torika ta ce, "Kira motar shara."

"Motar shara a taron da ba shi da shara? Kina da hankali kuwa?"

Ya sa aka ture tudun ya jingina da ƙofar bayan, wadda ke daidai bayan wurin zaman manya. Ƙofar ta ƙi rufuwa saboda nauyi, sai ya ɗauko babbar tabarmar Nei Salanieta, wadda ta fi kowace kyau, ya ɗaure ta tamau daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi ta toshe wurin. Ya ja da baya ya duba. Kai ka ce ado ne.

"In Madam ta tashi zagaye, ta gaba zan bi da ita," in ji shi.

Da la'asar kwale-kwalen Yanulevu ya iso, cike da mata da maza da sarƙoƙin fure. Shugabarsu Bubu Mereoni ce, tsohuwa gajeriya mai farin gashi kamar auduga, haƙoranta sun ragu amma idonta ko allura ba ta ɓace masa. Tana sauka ta dubi Sairusi sama da ƙasa, ta kira shi da sunan da tauvu ke kiran juna.

"Tau, kai ne wannan? Wa ya mutu ya bar maka riga?"

Sairusi ya yi dariyar yaƙe. "Bubu, yau aiki muke. A bar wasa sai an tashi."

"Mu ai waƙa muka zo yi, ɗana."

Suka yi waƙa kuwa, har Madam ta share hawaye. Aka buɗe gashin rami, aka jere kaji da kifi da gwaza da rogo a tsakiyar zaure, ƙamshi ya cika wuri. Aka ajiye babban akushin otal na kava, abin shan gargajiyar ƙasar, a gaban manya. Kafin a sa hannu, Madam ta miƙe ta ce tana da tambaya ɗaya. Tabarmin nan masu kyau da akushin nan da duk kayan nan, sababbi aka sayo don taron? Domin in haka ne, shi ma ɓarna ce.

Da Sairusi ya ce aro ne, da an wuce wurin. Amma idon zauren duka na kansa, kuma bakinsa bai saba da ƙaramar magana ba.

Ya gyara wuyan riga ya ce, "Madam, ko tsinke ba a saya ba. Duk abin da idonki ya gani a nan daga gidana ya fito. Tabarmin nan kakata ce ta saƙa. Akushin nan gadon ubana ne. Kajin nan da hannuna na kiwata su, gwazar nan daga gonata."

Zaure ya ɗauki tafi. Mista Balram ya harare shi. Torika ta dafe kai.

Bubu Mereoni ta taso a hankali, tana dogara sanda. Ta san gezar tabarmin gidan mijin Salanieta kamar tafin hannunta, amma sai ta yi fuskar marar sani. Ta taɓa wata tabarma da ƙafa, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Tau, wannan taka ce?"

Sairusi ya dubi Madam, Madam na dubansa tana murmushi.

"Tawa ce, Bubu."

"Madalla. Ta yi mini."

Ta ɗaga gira, mata biyu suka roƙi baƙin da ke kai su ɗan matsa, suka naɗe tabarmar suka yi waje da ita.

Madam ta ce, "Me ke faruwa?"

Sairusi ya ce, "Tsarin ne, Madam. Kaya ba sa zama wuri ɗaya a nan. Daga wannan hannu zuwa wancan, ba a zubar da komai."

Baƙi suka sake tafawa, wasu har da ɗaukar hoto.

Torika ta matso ta raɗa masa, "Ka ce ta Nei ce, magana ta ƙare. Ba za su taɓa kayan gidanmu ba."

"Ɗaya ce kawai. Tsohuwa ce, ba za ta iya ɗaukar da yawa ba."

"Ka ga samarin da ta zo da su kuwa?"

Bubu ta riga ta isa ta gaba. "Wannan fa, Tau?"

"Tawa ce."

Aka naɗe. Haka ta riƙa bi, tana tambaya cikin ladabi, yana amsawa muryarsa na ƙanƙancewa, baƙi na tashi rukuni-rukuni suna komawa kan siminti. Tafin ya fara raguwa. Dattijon Wellington, wanda sai da mutum biyu suka zaunar da shi, ya ce shi dai a naɗe da shi, ba zai iya tashi ba.

Bubu ta tsaya a kan akushin kava. "Gadon ubanka ka ce? Allah sarki, na san shi, mutumin kirki. Zan riƙa tunawa da shi."

Mista Balram ya yunƙura. "Sairusi, akushin nan…"

"Yallaɓai, ka bar mini. Komai na hannuna."

Akushin dai ya bar hannunsa, samari biyu suka yi waje da shi. Daga nan Bubu ta shaƙi ƙamshin kaji.

"Kiwonka ne, Tau? Ashe ka iya wani abu."

A nan ne baƙi suka daina murmushi. Tun safe ba su ci abin kirki ba, suna kallo abincinsu na fita ƙofa kwando bayan kwando. Wata mata daga Brisbane ta riƙe cinyar kaza ta ɓoye a bayanta. Madam ta ce, "Mista Sairusi, wannan ma cikin tsarin ne?"

"Yanzu za ki ga hikimar, Madam," in ji shi, yana addu'ar shi ma ya gan ta.

Bubu ta dawo ta tsaya gabansa ta shafa hannun rigarsa. "Ita kam ba sai na tambaya ba." Kafin ya yi magana mata sun zagaye shi suna guɗa, suka zare rigar, suka ce ya ɗaga ƙafa, takalmi mai ƙara ya tafi. Wata ta zazzage masa hoda a ka don kada a ce ba a ba shi komai ba. Manaja ya tsaya daga shi sai zane da singileti, fari fat kamar an tono shi daga buhun fulawa.

Abu ɗaya ya rage a zauren. Bubu ta ɗaga kai ta dube shi.

"Kai, Tau, ka ɓoye mai kyan a bango. Wannan babbar fa?"

Torika ta ce da ƙarfi, ba raɗa, "Tavale, ka faɗi gaskiya sau ɗaya a rayuwarka, ba mutuwa za ka yi ba."

Sairusi ya dubi tabarmar, ya san abin da ke bayanta. Ya dubi Madam, wadda ya gaya wa kakarsa ce ta saƙa.

"Tawa ce. Amma tana da nauyi, Bubu, a bar ta sai gobe."

"Kada ka damu, yarana sun ci sun ƙoshi."

Aka kwance igiya. Tabarmar ta faɗo, ƙofar ta wangale, tudun ya shigo taro. Kwakwa ta yi ta gangarowa tana bin siminti, ganye mai maiƙo na biye, ƙuda na rakiya. Baƙi suka shiga tsalle. Mista Balram ya taka ɗaya ya zauna ba shiri. Wata ta gangara a nutse har gaban Madam Rosalind ta tsaya a kan takalminta.

Bubu Mereoni ta zunguri tarin da sandarta.

"To wannan fa, Tau? Naka ne?"

Sairusi ya ce a hankali, "Wannan na otal ne."

Mista Balram daga inda yake zaune a ƙasa ya ce, "A'a. Wannan kam naka ne."

Bubu ta gyaɗa kai. "To mun bar maka. Ba kyau a yi wa abokin wasa tas."

Dariyar da aka yi a zauren nan, a Naivi an ji ta. Madam ma ta yi ƙoƙarin daurewa ta kasa, har sai da ta cire tabarau.

A bakin teku Bubu ta sa aka shimfiɗa tabarmin, aka buɗe kwanduna, ta aika a kira baƙi, ta ce yanzu abincin nata ne kuma ita ke gayyata. Aka ci aka sha aka yi waƙa har rana ta faɗi. Da za su tafi ta kira Torika ta miƙa mata tabarmin uwarta cif, ta mayar wa Mista Balram akushinsa. Riga da takalmi ne kawai suka hau kwale-kwale, don a duk zauren su kaɗai ne na Sairusi.

Madam ta yi wa Mista Balram godiya mai daɗi, sannan ta ce baɗi za su gwada wani wurin. Ta tambayi Bubu ko a Yanulevu akwai inda mutane za su kwana.

Mista Balram bai yi dogon bayani ba. Keken ɗaukar akwati kawai ya turo wa Sairusi, ya ce ya fara da kwashe kwakwar, in ya gama ya koma bakin ƙofa.

Yana can har yau. Kwanan baya na ga wani baƙo ya sauko daga mota, Sairusi ya tare shi yana cewa, "Ka yi sa'a, maigida. Ni ne na shirya taron da aka tashi ko tabarma ba a bari a ƙasa ba. Har ƙasar waje ana maganarsa. Sun so su ba ni manaja, na ce ofis ya yi mini kaɗan."

Torika ta leƙo ta taga ta ce, "Tavale, ɗauki akwatin mutum ka kai masa. Kuma in an tambaye ka, nasa ne."